Ƙofar da Aghali Ya Ƙera

Ranar da Aghali mai walda ya zo kafa ƙofa a sabon gidan Alhaji Attahir, Nusaiba, ɗiyar maigidan, ta kawo masa aceke, wato dambun rogo, da kifi. Yana ɗaga ido ya manta inda ya ajiye guduma.

Rabin unguwar nan ta Tahoua da guminsu 'yan bida aka gina ta, masu tafiya neman arziki Abidjan. Su suka kawo aceken, su suka kawo benaye. Shi kuwa Aghali iyayensa Buzaye ne da fari ya koro daga arewa, suka zauna, har cukunsu na madara ya zama abin marmarin gari.

Soyayya ta kama Aghali da Nusaiba sannu a hankali. Amma da zancen ya kai kunnen Alhaji, sai ya ce sam, namijin da bai taɓa ƙetare iyaka ba yaro ne, ko da furfura a kansa.

Abin ya ci wa Aghali rai, har ya haɗa jaka. Ya tura mata saƙo: "Tauraruwata, zan tafi bida in dawo in cika sharaɗin Baba."

Amsa ta zo nan take: "Maƙerina, in ka hau mota, kada ka dawo domina."

Wayyo, bawan Allah ya ɗauka korarsa ta yi, ranar ko ruwa bai sha ba. Ita kuwa wajen mahaifinta ta nufa, ta durƙusa.

"Baba, a hoto na fara saninka. Ranar da ka dawo daga bida, a bayan Inna na ɓuya, ina tambaya wane baƙo ne. Ba na so 'ya'yana su yi wannan tambayar."

Da la'asar Alhaji ya taka da kansa har rumfar waldar Aghali.

"Ɗana, kwance jakar nan," ya ce. "Mahaifinka ya riga ya yi maka tafiyar tun daga arewa, nan ya sauka."

Bayan kaka aka ɗaura aure, aka yi ta sa albarka da Hausa da Buzanci. Ƙofar gidansu kuwa, Aghali ne ya ƙera ta, kuma kullum magariba Nusaiba kan saurari ƙararta, ta san maigida ya shigo.