Ƙudaje a Kan Sabon Fenti

Da hantsi Hajiya Barira ta shigo ofishin 'yan sanda na Mile 3 a Fatakwal, tana kuka. An sace a-kori-kurar da mijinta ya mutu ya bar mata, wadda mahauta ke haya suna ɗauko nama daga kwata. Da ita take ciyar da marayunta.

Sufeto Sharfuddeen ya kira masu makullin motar. Direba Arzika ya rantse a gareji ya bar ta. Kallamu, ƙanen marigayin, dillalin shanu, ya ce rabonsa da ita tun zaman makoki.

Sufeto ya samu labarin an ga irinta a hanyar Onitsha. Ya sa kayan gida, ya faɗa wani wajen sayar da motoci a unguwar Fegge ta Onitsha kamar mai saye. Aka shiga gaya masa farashi. Ƙarama mai ƙofa biyu, ƙirar 2008, miliyan bakwai. Matsakaiciya, 2012, sha ɗaya. Babba mai ƙofa huɗu, 2016, ashirin da biyu. Sai ga wata babbar, ita ma 2016, fenti sabo fil, wai sha uku.

Arahar ta yi yawa. Kuma duk wajen, ita kaɗai ƙudaje suka yanyame. Fenti dai ba ya rufe jinin da ya shekara yana shiga ƙarƙashin bodi.

Da mai wajen ya ga katin aikin Sufeto, bakinsa ya buɗe.

"Oga, takwas na saya. Mutumin da ya kawo ta ko shekararta bai sani ba. Zagaya ta ya yi, ya daki bayanta, ya ce ta fi ƙaramar can ƙiba, in ƙara miliyan ɗaya."

Sufeto ya yi murmushi. Ba direban da zai yi cinikin mota bai ambaci ƙira ba. Wannan cinikin shanu ne.

Ya koma Fatakwal, ya iske Kallamu a kara, kasuwar shanu, Barira na biye. Ya ce an ga motar.

"Ka san kuɗinta kuwa? Miliyan ashirin da biyu."

"Ashirin da biyu?" Kallamu ya miƙe zumbur. "Wallahi mutumin nan ya cuce ni."

 Da Kallamu ya ga ba mafita, ya amsa, wai gani ya yi motar wansa ce, shi ma yana da haƙƙi.

Ana sa masa ankwa, Barira ta matso, ranta a ɓace ƙwarai.

"Baban yara, kai fa suke kira Baba yanzu. Me zan gaya musu?"

Kallamu bai ɗago kai ba har aka shigar da shi mota.