Gwaggo Ta Ce A Fara Da Ita

Mma, wata bakwai ke nan da muka kai ki makwanci, har yau in na ji ƙamshin miyar daddawa sai na waiwaya. Ga labarin ɗanki Wumbei. Zan ba ki shi kamar na wani, don in na ce "ni" murya shaƙewa take.

Da matarsa Azaratu ta haifa masa ɗan fari, sai ta koma gidan iyayenta a Kumbungu, don ta yi goyon shekara biyu kamar yadda aka saba. A can miji baƙo ne: ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gai da surukai, ya ɗauki ɗansa ya yi masa wasa, ya miƙa shi, ya hau babur ya koma Tamale.

Wata Juma'a tana shayar da yaron a tsakar gida, ta rage murya ta ce, "Akwai ƙullutu a nonon hagu. Sati uku ke nan."

Wumbei ya tuna. Da ƙullutu ciwon dajin uwarsa ya fara, ta ɓoye shi shekara guda.

"Ran kasuwa nas za ta zo da na'urar nan da ake jona wa waya," in ji shi. "Sikanin ne kawai, hoton cikin nono, minti biyar. Ba allura, ba wuƙa."

"A gidan wa?"

Gwaggo Sanatu ce, yayar mahaifin Azaratu, wadda ko maigidan ba ya tsallake maganarta. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga kaɗanyar da take soyawa.

"Nono ne ya daskare, ɗan Tamale. Mun shayar da goma kafin a haife ka. Ciwo kamar kare yake, wanda ya kira shi yake bi. Uwarka ba asibitin kuka kai ta ba? Ina take?"

Hawaye suka cika masa ido, amma bai tashi daga durƙuson ba.

"Mun kai ta, Gwaggo. A makare."

"To ka ji da kyau. Ka fitar da yarinyar nan daga gidan ubanta ba da yawuna ba, ka yi sallama da ita. Ko an yaye yaro ba za ta koma ɗakinka ba."

Azaratu ta fashe da kuka. Da ta rako shi zaure ta ce, "Mu saci jiki mana, wa zai sani?"

"A'a. Ba zan ceci ranki in raba ki da danginki ba. Ta ƙofa za mu fita."

Kullum da hantsi sai ga shi da goro. Ya durƙusa, ya roƙa, a kore shi. Rana ta biyar Gwaggo ta ce, "Kai ba ka da aikin yi ne? Gwiwarka ta kusa haƙa mini rijiya a ƙofar ɗaki."

"In ruwa ya fito, Gwaggo, ke za ki fara sha."

Dariya ta kuɓuce mata, ta yi maza ta haɗe rai.

"Naci! To za mu je. Amma da ni za a fara. In abin yana cin mutum, ya ci tsohuwa."

Ran kasuwa ya jira su a gindin darbejiya, a ƙofar ɗakin da nas take duba mata. Azaratu ce ta fara fitowa, tana dariya tana share hawaye: nono ne ya daskare, yadda Gwaggo ta faɗa. Ita kuwa Gwaggo ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta yi masa gori ba. Ta ja shi gefe.

"Sun ga wani abu a nawa. Kamar ƙwayar gyaɗa, ko jin sa ban taɓa yi ba. Sun ce in je babban asibiti a tabbatar, wai in ma shi ne, an tare shi da wuri." Ta gyara mayafi. "Litinin ka zo da babur ɗinka. Ni zan gaya wa gida da bakina, bayan mun dawo. Matarka kuwa, ran yaye da kaina zan kawo maka ita."

Ciwo ba kiransa ake ba, Mma, yana ɗaka tun kafin a leƙa. Wanda ya leƙa da wuri shi ke da sauran dabara. Abin da fushi zai ɓata kuma, durƙuso ya gyara shi.

Gobe Litinin, na cika tanki. Ban gaya wa kowa ba tukuna.