Kaset ɗin Naja'atu

Ranar Alhamis, rabin mutanen garin Ɗanzomo na kasuwar Maigatari, aka tsinci gawar Sabuwa a gindin rumbunta, kanta ya bugi turmi. Sarƙar zinaren da ta ɓoye cikin dawa ta ɓace.

Sufeto Hezekiah ya leƙa ɗakuna. Ko tabarma ba a ɗaga ba. Ɓarawon kai tsaye ya nufi rumbu, kamar ɗan gida.

"Wa ya san maɓoyar?" ya tambayi 'yar marigayiyar, Naja'atu, 'yar ajin ƙarshe a sakandare.

"Babu kowa, Yallaɓai."

"Ko bango ba ki faɗa wa ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Sai Yaya Abdulganiyu da ke karatu a Kano. Na yi masa saƙon murya a kaset, ina tsokanarsa cewa Inna ta mayar da rumbu banki. Na ce kada ya zo Alhamis, ita kaɗai ce a gida."

"Wa kika ba?"

"Bappa direba."

A tasha, Bappa ya rantse har da dafa ƙirji. "Hannu da hannu na ba shi, ranka ya daɗe!"

Amma a wajen zaman makoki, Abdulganiyu ya ce shi ko kwalin kaset bai gani ba.

Sufeto ya koma tasha. Ya shiga motar Bappa, ya zazzage kaset-kaset ɗin da ke aljihun gaba, yana sakawa a rediyon motar ɗaya bayan ɗaya. Waƙa, wa'azi, waƙa. Sai ga muryar yarinya tana dariya: "Yaya, ka san inda Inna ta ɓoye sarƙarta?"

Bappa ya durƙushe.

"Tafiya ce ta yi nisa, na saka don ɗebe kewa. Sarƙar na je ɗauka, sai Sabuwa ta kama ni a rumbun. Wallahi ture ta kawai na yi."

Aka sa masa ankwa.

Abin ya tsaya wa Sufeto a rai, don 'yarsa Keziya ma haka take aika sirrin gida ta hannun direbobi. Ya ƙudurta zai je makarantu ya gargaɗi ɗalibai da iyayensu: magana in ta shiga kaset, ba ka da iko da kunnen da za ta faɗa.

Da ya mayar wa Naja'atu kaset ɗin, ta ƙi karɓa.

"Yallaɓai, muryata ce ta kai shi gidanmu?"

"Bappa ne ya kashe ta, 'yata."

"Na sani. Amma ina dariya a ciki, ko?"