Batir Ya Yi Sanyi

A shekarar 1964, a wani ƙauye kusa da Malumfashi, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ba ta da ƙiriniya, ba ta da faɗa. Abu ɗaya ne ya dami mutane da ita: tambaya. Malamin ajinsu, Malam Bitrus, har Uwar Tambaya yake ce mata.

Wata Litinin Malam ya shigo aji da ƙwan tocila da batir biyu da 'yar waya. Ya haɗa su. Sai ga haske a tafin hannunsa!

"Ranar Asabar iyayenku za su zo ganin aikin hannu," in ji Malam. "Kowa ya ƙera abin da ya iya."

Yarinyar ta ɗaga hannu. "Malam, ni motar auduga zan yi, irin mai zuwa Funtua. Kuma fitilunta za su kama."

Ɗanasabe, gwanin motar kara na ajin, ya tuntsire da dariya. "Mace da ƙera mota? Ke dai tsaya ga tukunyar wasa!"

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai. Malam ya ba ta ƙwan tocila biyu da waya. Ya ce batir kam ta nema a gida.

Kwana biyu tana fama. Ta zaro kara daga tsohuwar danga. Ta fere sakaina ta yi tayoyi. Ƙaya ce ƙusarta. Ta zuba yashi a kan faifai ya zama hanya, ta ɗora motar, ta loda mata auduga. Motar ta ɗan karkace, amma ko makaho ya shafa ya san mota ce.

Baba ya ciro batir biyu daga tocilarsa. "Su ke nan a gidan nan," in ji shi. "Kuma sun yi sanyi. Ki shanya su a rana, za su ɗan farfaɗo."

Ina ranar take? Tsakiyar damina ce, marka ta sauka. Laraba yayyafi, Alhamis yayyafi. Ta gwada fitilun, suka yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

Ranar Juma'a da safe ta zauna tana tunani. Baba ya ce sanyi suka yi. To, mai jin sanyi ai wuta yake nema. Wannan karon Uwar Tambaya ba ta tambayi kowa ba. Ta lallaɓa madafa, ta jera batiran a bakin murhu, ta tafi wanka.

"Wai me ke wari haka?" Muryar Inna ke nan daga madafa.

Yarinyar ta sheƙo a guje. Takardar jikin batiran ta ƙone. Baƙin kwaltan bakinsu ya narke, wani abu mai yauƙi yana fita. Ta kai hannu, ta janye da ihu.

"Ke, kina da hankali kuwa?" Inna ta tsoma mata yatsa a ruwan sanyi. "Da sun fashe miki a ido fa? Ni da nake nan zaune, ba ki iya buɗe baki ba?"

Baba ya dubi batiran, ya girgiza kai. "Yanzu ba ki da fitila, ni ma ba ni da tocila." Wannan maganar ta fi ƙunar yatsan ciwo.

A makaranta ta jira aka fita tara. Ta je gaban Malam, hawaye na zuba, ta faɗa masa komai.

Malam ya danne dariyarsa. "Idan aka ce batir ya yi sanyi, ba ɗari yake ji ba. Ƙarfinsa ne ya ragu. Akwai magani a cikinsa mai ba da wuta. Ɗumin rana yana ɗan motsa shi. Wutar murhu kuwa lalata shi take yi."

Ta share hawaye. "To Malam, in babu batir, babu inda wuta za ta fito?"

"Yawwa! Ga tambayar da nake so. Biyo ni."

Ya kai ta wurin kekensa. Ya nuna mata wani ɗan ƙarfe mai siffar kwalba a jikin tayar baya. "Taya ce ke juya kansa, shi kuma ya ba fitilar keke wuta."

Ranar Asabar iyaye suka cika ajin. Malam ya kifa keken kusa da tebur, ya ja waya biyu zuwa motar. Yarinyar ta kama feda, sai ta dakata.

"Malam, idan na juya da ƙarfi fa?"

"Ƙwan zai ƙone. A hankali."

Ta juya a hankali. Fitilu biyu suka buɗe ido, suka haska hanyar yashi. Aji ya kaure da tafi.

"Ikon Allah!" in ji Baba. "'Yata ce fa ta ƙera!"

Ɗanasabe ya matso yana sosa ƙeya. "Don Allah, zan ɗan juya?"

"Zo," in ji ta. "Amma a hankali."

Tun daga ranar ta gane cewa son sani abu ne mai kyau. Amma abin da ba ka sani ba, ka tambayi manya kafin ka gwada.