Motar Tana da Mai Ita

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, lokacin da motar ta ƙi tashi. Injiniya ya murɗa makulli sau uku, injin yana juyawa yana tari, amma bai kama ba.

Ba injiniyan takarda ba ne. Abokan gareji ne suka laƙaba masa sunan, don ya shekara ashirin da shida yana gyaran lantarkin motocin mutane. Tasa ta kansa kuwa sai bana Allah ya ba shi: wata tsohuwar baƙar mota da ta daɗe a bayan wani kangon gida, ciyawa har ta ratsa tayoyinta. Magadan gidan suka sakar masa ita da araha, ya jawo ta, ya yi wata biyu yana lallaɓa ta har ta miƙe.

"Mai gyaran na mutane, taka ta gagare ka?" in ji matarsa, tana kwashe shanya. "Bar ta sai gobe, magariba ta kawo kai."

"Minti biyar," ya ce. "Ai na riga na ji ciwon."

Ya ji ɗin kuwa. Duk mota mai lafiya, da an murɗa makulli rabi, famfon mai da ke cikin tanki zai yi ɗan gurnani kafin ya yi shiru. Na tasa ko gurnanin bai yi ba. Ya shiga ɗaki ya sauya riga, ya fito ya ɗaga bonet, ya buɗe akwatin fiyus da ke gefen batir. Fiyus ɗin famfo bai ƙone ba. Saura rile, ɗan baƙin abin nan mai ƙafa huɗu da bai kai gidan ashana ba, wanda shi ke sakar wa famfo wuta. Zanen da ke bayan murfin ya goge, sai da ya bi launin waya da tocila kafin ya gane shi, na biyu a layin hagu.

"Auta! Ɗauko makulli a aljihun rigata, ki zo ki murɗa min."

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, shekararta goma sha takwas, ita kaɗai ta rage a gabansu. Ya ɗora yatsa a kan rilen yana jira. Bonet ya tare masa gani, amma ya ji an buɗe ƙofa, motar ta ɗan nutsa kamar yadda take yi in an zauna.

"Murɗa rabi."

Ƙas! Rilen ya buga a ƙarƙashin yatsansa.

"Yauwa. Kashe. Sake."

Ƙas!

"Baba, ga makullin. Ba a rigar yake ba, a kan tebur na same shi."

Muryar daga bakin ɗaki ta fito. Ya ɗago a hankali. Auta ce tsaye, makulli na lilo a hannunta. Ya leƙa ta gefen bonet: kujerar direba babu kowa, ƙofa a rufe.

Mai sana'a ba ya saurin yarda. Ya ce a ransa waya ce ta haɗu da waya. Ya kwance kan batir, ya zare rilen gaba ɗaya ya riƙe. A tafin hannunsa, babu waya babu wuta, abin ya sake bugawa. Ya yar da shi kamar ya taɓa garwashi. Kafin ya buɗe baki Auta ta sunkuya ta ɗauka.

"Baba, da ɗumi," ta ce. Sai dutse na farko ya sauka a kan kwanon ɗaki, ita kuma ta sulale ƙasa.

Kwana uku gidan bai san kansa ba. Da rana Auta tana kwance, idonta a buɗe, ba ta ci ba ta magana. A asibiti aka auna jini, aka auna komai, aka ce ba a ga ciwo ba. Da rana ta karkata kuwa, sai duwatsu su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba a ganin mai jifa. Famfon motar da aka kwance wa kan batir ya kama gurnani shi kaɗai. Warin fetur ya cika ɗakuna, har uwar ta daina kunna wuta don tsoron gobara, maƙwabta ke miƙo musu abinci ta katanga. Auta kuma ta zauna ta fuskanci bango, tana buga harshe a ganɗa: ƙas, ƙas, ƙas.

Rana ta biyu Injiniya ya naɗe rilen a tsumma ya kai gareji. Ya haɗa ƙafa biyu da batir, ya buga. Ya ɗora mita a kan sauran biyun, ta yi ƙara alamar wuta na wucewa. Ya sa shi a gurbin rilen hon na wata mota, hon ya yi kuka. Lafiyarsa ƙalau. Wannan ya fi komai karya masa zuciya, don da lalacewa ya yi, da ya san maganinta.

Rana ta uku ya je ya ɗauko Malam, wani siririn dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwa, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Malam ya shigo bayan la'asar. Ya tsaya ya daɗe yana kallon motar, sannan ya zauna a gaban yarinyar, uwar na riƙe da kafaɗunta. Ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa.

Haske na janyewa daga taga, duwatsu suka fara. Malam bai ɗaga kai ba. Can jikin Auta ya sandare, wuyanta ya juyo, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, ta tsohuwa, a dishe kamar ana jan ƙarfe a kan siminti.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai motar."

Injiniya ya dafa bango.

"Shekara goma sha ɗaya ina cikinta da 'ya'yana," in ji muryar. "Ya zo babu sallama ya ja mu a titi. Ya buɗe ɗakina ya hura iska, ya watsa fetur. Na hana ta tashi don ya gane, sai ya zare min ƙofa, ɗan baƙin abin nan, ya jefar."

"Bai san da ke ba," Malam ya ce. "Yarinyar kuma me ta yi miki?"

"Ya ɗauki gidana, na ɗauki nasa."

"Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A yanka min baƙin ɗan akuya."

"Ko ɗigon jini ba za ki samu ba." Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Auta ta yi wata ƙara da ta sa uwar fashewa da kuka. Warin fetur ya yi ƙarfi har idanu na yaji.

"Tsaya! Tsaya! To a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Da ƙofata a jiki."

Malam ya juyo wajen Injiniya. "Wannan ba nawa ba ne. Dukiyarka ce. In ka ƙi, zan ci gaba har ta fita dole, sai dai yarinyar za ta sha wuya."

Injiniya ya kalli 'yarsa, leɓɓanta sun tsage, jijiyoyin wuyanta sun tashi.

"Ta ɗauka," ya ce. "Wallahi na bar mata. Ta sakar min 'yata."

Malam ya sa ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba. Yatsan ƙafar Auta na hagu ya kama karkarwa, ya yi ta yi, sannan ta yi atishawa sau uku ta faɗa jikin uwarta. A tsakar gida gurnanin ya ɗauke. Da ta buɗe ido, ruwa ta fara nema.

Washegari da hantsi ya yi bisimilla ya mayar da rilen gurbinsa, ya rufe akwatin. Wani abokinsa ya ɗaura wa motar igiya, suka ja ta har kangon. Suka tura ta daidai inda tayoyinta suka bar rami a ƙasa.

Tsohon maigadin wurin yana zaune a kan benci, yana kallonsu. Bai tambayi dalili ba. Sai da Injiniya ya zo wucewa ya ce, "Wa ta kama a gidanka?"

Injiniya ya tsaya cak. "'Yata."

"Ya jikin nata?"

"Ta tashi. Har ta ci abinci da safe."

Tsohon ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Je ka gode wa Allah, ɗana. Kai ne na uku da ya dawo da motar nan. Kai kaɗai ka ce min wadda ta kama ta tashi."