Kiran Wayar Injiniya Midhat

Rana ta faɗi a unguwar Shubra, ladanai na ta karɓa-karɓa, amma Injiniya Midhat na gaban kwamfuta yana zazzaga wa yaransa na wurin aiki masifa. Shi ne shugaban masu rubuta manhaja a wani kamfani, kuma tun da aka koma yin aiki daga gida, ba wanda ya sake cin abinci da zafinsa.

"Jakuna! Ko makaho ba zai rubuta wannan shirmen ba!"

Ya kashe kwamfutar, ya shiga kicin yana huci, ya sunkuci butar shayi tana tafasa ya juye a magudana. Ba bismilla, ba neman izinin masu wuri.

Matarsa Sausan ta dafe ƙirji. "Baban Basant, ruwan zafi da magariba?"

"Ke ma koya min aiki za ki yi?"

Can sai tsakuwa ta faɗo tsakiyar falo, alhali a saman bene suke, tagogi a rufe. Wata ta biyo. Kullum rana ta faɗi sai jifa, sai wani siririn kuka daga cikin magudana. Ran nan ana cin abinci, 'yarsu Basant ta ajiye cokali, ta ɗago kai a hankali, ta ce da muryar ƙato, "Jakuna!"

Aka ɗauko Shehu Abdul'aɗi, wani tsoho mai ruƙiyya. Ya zauna ya yi ta karatu har yarinyar ta sandare, idanunta suka juye.

"Wane ne kai?"

Aljani ya amsa ta bakinta: "Maƙwabcinsu na ƙarƙashin kicin. Wannan mutumin ya ƙona min bayan ɗa. Shekara da shekaru muna haƙuri da ihunsa, Shehu. Yanzu 'ya'yana ba sa kiran juna sai da jaki!"

"Zan yanka rago," in ji Midhat.

"Riƙe ragonka. Ka kira yaran nan naka yanzu. In mutum ɗaya ya ɗaga wayarka da farin ciki, na tafi. In babu, yarinya ta zama tawa."

Midhat ya gyara wuyan riga. "Wannan ai mai sauƙi ne. Ni na gina su."

Ya kira Husam, ta yi ta ƙara har ta katse. Ya kira Wa'il, aka ce a kashe take. Kirullus ya ɗaga, tun kafin gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ina kan gyarawa, uwata ce ba lafiya..."

"Wannan tsoro ne," in ji aljanin. Wuyan Basant ya ƙara lanƙwashewa.

Sausan ta cakumi rigar mijinta. "Duk mutanen nan, ba ko ɗaya? Wace irin azaba kake ba 'ya'yan mutane? Wallahi in 'yata ta tafi, kai ma ka tafi!"

Saura Narmin, wadda ta fi kowa iya aiki, ta kuma fi kowa shan zagi. Ya danna lambarta.

Bugu ɗaya ta ɗaga, ana jin guɗa a bayanta.

"Injiniya! Kai, Allah ya kawo ka, kai nake ta so in ji! Na samu wani aikin. Gobe kar ka neme ni, jibi ma haka. Kuma manhajar da kake zaginmu a kai, kai ka ɓata ta da hannunka, kowa ya sani, tsoro ya hana a faɗa!"

Dariya ta ɓarke daga bakin Basant, mai kauri, har kofuna na kaɗawa.

"Ka ji farin ciki! Shehu, buɗe min hanya."

Ɗan yatsan ƙafar Basant ya karkaɗa, aljanin ya fita ta nan. Ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Mama, ruwa."

Narmin kuwa ba ta gama ba, ta shiga lissafo masa halayensa tun daga ranar da ta fara aiki. Midhat ya kai yatsa zai katse, Shehu ya riƙe masa hannu.

"A'a, ɗana. Bai yi nisa ba tukuna. Saurara har ta gama."