'Yan Bayan Ƙyalle

Magariba ta kawo jiki, kaji sun shige akurki, gidan Direba ya yi tsit. Matarsa, wadda ake kira Mai Keke saboda ɗinki, tana naɗe zare sai dutse ya faɗo tsakar gida. Wani ya biyo baya. Direba ya fita da bulala a fusace, bai tarar da ko akuya ba.

Abin ya samo asali ne daga wani tsohon farin ƙyalle da Mai Keke ta sayo a gwanjo. Kallo ɗaya ta gane shi: na Mai Majigi ne, wanda yake ratayewa a filin ƙauyensu suna yara. Masu kuɗi su zauna gaba a kan benci, irinsu kuwa su zagaya baya su durƙusa cikin ciyawa, inda komai ke fitowa a juye, jarumi da ɓarawo duk bahagwai. Don marmarin wancan zamani ta yi wa ɗakin autarta labule da shi.

Bayan duwatsu sai muryoyi. Da duhu ya sauka, a bayan labulen za ka ji sukuwar dawaki da ƙarar takubba. Sannan Auta ta daina cin abinci. Ta zauna ta ƙura wa ƙyallen ido, ba ƙiftawa, tana ramewa kamar kyandir. Duk wanda ya gifta sai ta daka tsawa da muryar tsoho: "Kai mai ƙaton kai, zauna! Ka tare mana!"

Aka ɗauko Malam. Ya yi karatu har gumi ya jiƙa masa riga, kafin ya ce, "Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba," in ji muryar. "Ƙarshen fim nake so. Jarumi na rataye a bakin rijiya, ruwan sama ya sauko, inji ya mutu, Mai Majigi ya naɗe kayansa bai ƙara dawowa ba. Ku gaya mini ya fita ko ya faɗa. In ba haka ba, da ita zan tafi."

Malam ya shafa gemu. "Ni ban taɓa zuwa majigi ba."

"Malam, ko rago zai karɓa?" Direba ya raɗa.

Mai Keke ta miƙe ta ci ɗamara.

"Rago? Ko ƙafar kaza ba zai gani ba! Kai, tsohon banza, ni ma ruwan nan ya dake ni, 'yar wa na shaƙe?"

Ɗakin ya yi sanyi. Muryar ta ce, "Ƙarya kike. Da wane hannu ya riƙe takobi?"

"Hagu."

"Af! Ashe ke ma 'yar baya ce."

"Ni ce mai ture ka in ce wa ya taka ni. Na san ƙarshen, amma ba a bakin 'yata za ka ji shi ba. Sake ta, ka biyo ni waje."

Malam ya sa mai muryar ya rantse ba zai dawo ba. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale a jikin ubanta. Mai Keke ta fizge labulen, ta ja shi har bayan gari, ta rataya a reshe. Ta tsaya a gabansa ita kaɗai tana ba da labari, har da kwaikwayon doki. Ƙyallen ya kaɗa, alhali babu iska, sannan ya lafa.

Da safe Auta ta cinye kwano biyu, ta ce, "Mama, da gaske jarumin ya fita?"

"Wa ya sani? Tare ruwa ya kore mu."

"To idan ya gane fa?"

Mai Keke ta taka kekenta. "Sai ya sayi tikiti ya shiga ta gaba."